ƘARFE MAI ARAHA A GURBIN FILATINAM: DARASI A KAN BATIRIN HAIDUROJIN

A zango na biyu, ran da muka yi gwajin raba ruwa da wutar lantarki a aji biyu na babbar sakandare, wata ɗaliba mai zama kusa da taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tun da wuta ta raba ruwa ya zama haidurojin da oksijin, in aka sāke haɗa su, wutar za ta komo?" Lokacin an riga an buga ƙararrawar cin abinci, rabin aji kuwa suna tsaye da kwanoni a hannu. Na ce mata i, za ta komo, muka watse. Amma tambayar ta fi ƙarfin amsa mai harafi ɗaya. Da aka ba ni fili a littafin shekara na bana, sai na ga gara in biya bashin a nan, inda iyaye da malamai 'yan'uwana su ma za su saurara.

Na'urar da ke mayar da wutar ita ce Turawa ke kira fiyul sel. Ni zan kira ta batirin haidurojin. Ta bambanta da batirin tocila ta hanya ɗaya babba. Batirin tocila yana ɗauke da abincinsa a cikinsa, in ya cinye ya mutu, sai a jefar. Batirin haidurojin kuwa daga waje ake ciyar da shi. Muddin ana tura masa haidurojin ta gefe ɗaya, oksijin kuma ta ɗaya gefen, ba zai daina ba da wuta ba, abin da ke fita daga cikinsa kuwa ruwa ne da ɗan zafi. Ba hayaƙi, ba ƙara irin ta janareta. Ba sabon abu ba ne. William Grove, wani lauya mutumin Wales, shi ya nuna shi tun a 1839, da sandunan filatinam a tsome cikin ruwan asid.

To, abin da aka sani tun 1839, me ya hana shi shiga kowane gida? Dalilan suna da dama, amma guda ɗaya zan bi a wannan darasi, watau kasalar oksijin.

Batirin yana da fuska biyu. Fuskar da haidurojin ke shiga ana ce da ita anod, a nan haidurojin ke sakin ilektiron. Ilektiron ɗin su bi waya, su kunna fitila ko su juya inji, sa'an nan su iso ɗaya fuskar, watau katod, inda oksijin zai karɓe su. Karɓar ilektiron ɗin nan ita ce muke kira ridokshan a aji. A irin batirin da za mu duba, ga yadda lissafin yake:

A anod: 2H₂ + 4OH⁻ → 4H₂O + 4e⁻
A katod: O₂ + 2H₂O + 4e⁻ → 4OH⁻
A dunƙule: 2H₂ + O₂ → 2H₂O

A kan takarda, sel ɗaya ya kamata ya ba da bolt 1.23. A aikace kuwa, da zarar an ɗora masa kaya, yakan sauko wajen bolt 0.6 zuwa 0.8. Yawancin asarar a katod take. Ku dubi layi na biyu da kyau. Ƙwayar oksijin atom biyu ne a ɗaure tam, sai an kashe kilojul 498 kafin a raba mol ɗaya. Ban da haka dole ilektiron huɗu su iso, ruwa kuma ya iso, kowanne a lokacinsa. Masu dafa abinci da itace za su yi mamakin jin an ce oksijin malalaci ne, gama sun ga yadda wuta ke cin kara. Amma ku tuna, kara yana iya kwana shekara a cikin iska bai kama ba, sai an kawo ashana. A cikin batiri ba a son ashana. Ana so abin ya faru a hankali, ba harshen wuta, domin a tatsi ilektiron ta waya.

Nan ne katalis ke shigowa. Nakan kwatanta shi da dillalin kasuwar shanu. Saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ma ba nasa ba ne, amma in babu shi mai saye da mai sayarwa sai su yini suna kallon juna. Ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, a yi ciniki, ya koma ya jira na gaba. Bambancin kawai shi ne katalis ba ya karɓar la'ada. A katod aikinsa shi ne ya riƙe ƙwayar oksijin a jikinsa, ya sassauta ɗaurin, ya bar ilektiron su shiga, sa'an nan ya saki abin da ya samu. Riƙon nan kuwa irin na ƙwai ne. In ka matse ya fashe, in ka yi sakaci ya faɗi. Ƙarfen da ya riƙe oksijin da ƙarfi ainun ba zai sake shi ba, sai fuskarsa ta toshe. Wanda ya riƙe sako-sako, kamar zinariya, oksijin ba ya zama a kansa har a gama ciniki. Wannan ƙa'ida da sunan Paul Sabatier ake kiranta, masanin Faransa wanda ya sami lambar Nobel a 1912. Cikin ƙarafa zalla, filatinam ne ya fi kusa da riƙon da ya dace.

Wahalar filatinam ita ce ƙarancinsa. Abin da ake haƙowa a duniya duka a shekara wajen tan 180 ne, alhali zinariya ta haura tan 3,000. Kimanin kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga duwatsun Bushveld, sauran yawanci daga Rasha da Zimbabuwe. A can ma, sai a niƙa tan guda na dutse kafin a sami 'yan giram. Kuma yana da masu jira tuntuni. Akwai shi da danginsa a cikin abin tace hayaƙin nan na salansar mota, wanda makanikanmu ke yi wa laƙabi da Indomie, shi ya sa ɓarayi ke yanke shi.

Bari mu yi ɗan lissafi. An kiyasta cewa motar haidurojin ta Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, tana ɗauke da filatinam wajen giram 30. Tan 180 giram miliyan 180 ke nan. Ku raba da 30, za ku sami mota miliyan 6. A 2023 kuwa motocin da aka ƙera a duniya sun haura miliyan 90. Ashe ko an hana kowa taɓa filatinam, an ba masu mota duka, mota ɗaya cikin goma sha biyar kaɗai za ta samu. An rage yawan da ake sawa tun daga lokacin, amma ragi bai kai ya rufe wannan rami ba.

Sai tambaya ta gaba: me zai hana a sa baƙin ƙarfe, ko nikel, ko manganis? A irin batirin da ke cikin motocin nan, abin da ke tsakanin anod da katod asid ne. Duk wanda ya taɓa jefa ƙusa cikin ruwan batirin mota ya san ƙarshenta. Ƙarafa masu araha narkewa suke yi. Saboda haka masu neman araha suka juya ga kishiyar asid, watau alkali.

A nan sai in roƙi iyayenmu kada su ɗauka alƙalin kotu nake nufi. Wannan alkalin ku ne kuka fi mu saninsa. Ruwan tokar da ake tacewa domin miya ko sabulu, da kanwa, da sodar da mata ke dafa sabulu da ita, duk dangi ɗaya ne. Kalmar ma daga Larabci ta fito, ma'anarta tokar tsiro. Wanda ake zubawa a batiri shi ne fotasiyam haidiroksaid, KOH, mai ƙarfi ƙwarai, yana cin fata. Amma abin mamaki, ƙarafan da asid ke cinyewa da yawa suna zama lafiya a cikinsa. Nikel da manganis da kobal sukan yi wata 'yar fata ta oksaid a jikinsu, su tsaya a haka. Ga wata riba kuma: a cikin alkali oksijin ya fi saurin karɓar ilektiron a kan abubuwa iri-iri, har gawayi zalla yana iya fara aikin, ko da yake ba ya kai shi ƙarshe.

Mutumin da ya ba da ransa ga wannan hanya shi ne Francis Thomas Bacon, injiniya a Ingila. Ya fara a 1932 da niyya ɗaya, cewa ba zai dogara ga filatinam ba. Ya yi fuskokin batirinsa da garin nikel da aka gasa ya zama kamar soso, ya zuba KOH. Da yake nikel bai kai filatinam kuzari ba, sai ya sayi sauri da zafi, ya kai batirin wajen digiri 200 a ƙarƙashin matsi mai yawa. Kun san wannan daga aji, cewa zafi yana gaggauta haɗuwar sinadarai. Amma a wannan zafi oksijin ya riƙa cin nikel ɗin katod. Ya sha fama kafin ya gane cewa in aka riga aka rufe nikel da oksaid ɗinsa, aka sa ɗan litiyam a ciki, fatar za ta kāre ƙarfen, ta kuma bar wuta ta wuce. Sai a 1959 ya nuna batiri mai ba da wajen kilowat 5. Shekara 27 ke nan. Ina so masu jefar da lissafi bayan minti goma su ƙirga shekarun nan da yatsa. A cikin shekarar kuma, kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya yi huɗa a wata gona a jihar Wisconsin da tarakta mai ɗauke da sel 1,008 na alkali.

Aikin Bacon bai ƙare a gona ba, sama ya tafi. Kamfanin Pratt & Whitney ya karɓi izinin fasaharsa ya gina batiran kumbon Apollo, wanda ya kai mutane duniyar wata a 1969. Kowane kumbo yana da batiri uku, kowanne da sel 31 a jere, suna ba da wajen bolt 28. Katod ɗinsu oksaid ɗin nikel ne mai litiyam, kamar yadda Bacon ya tsara. Ruwan da ke fitowa shi 'yan sama jannatin ke sha. Da tankin oksijin na Apollo 13 ya fashe a 1970, batiran suka rasa abinci, wuta da ruwa suka yanke tare, da ƙyar mutanen suka dawo da rai. Sai dai akwai abin lura. Kumbon da ya biyo baya, mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, shi ma batirin alkali ya ɗauka, amma an sauko da zafinsa ƙasa da digiri 100. Da aka rage zafi, sai aka koma ga zinariya da filatinam a katod. Hukumar sararin samaniya tana da kuɗin yin haka. Mai shago a bakin titi ba shi da su. Abin da ake nema ke nan har yau: katalis mai araha wanda zai yi sauri ba tare da an dafa shi ba.

Na farko a cikin masu neman gurbin yana cikin aljihun maigadinmu. Baƙin garin da ke cikin batirin tocila manganis dayoksaid ne gauraye da gawayi. Kun gan shi yana aiki a ɗakin gwaji. Mukan zuba haidurojin feroksaid, ruwan wanke ciwon nan na kemis, a kwalba, ya zauna shiru. Da an barbaɗa baƙin garin sai ya tafasa da kumfa, tsinken da ke da garwashi a baki kuma ya kama da wuta in aka kusantar da shi. Garin kuwa yana nan yadda yake. (Kada in ji wani ya fasa batiri a ɗakin kwana. Irin da aka rubuta alkalin a jikinsa yana ƙona ido. Wannan gwaji sai da malami.)

Wannan kumfa tana da alaƙa da darasinmu kai tsaye. Oksijin yana da hanya biyu a katod. Hanya mai kyau ita ce ya karɓi ilektiron huɗu ya zama OH⁻. Ɗayar kuwa ya karɓi biyu ya tsaya a rabin hanya, ya zama feroksaid, HO₂⁻. Wannan asara ce riɓi biyu, gama an sami rabin wutar da ya kamata, feroksaid ɗin kuma yana cin kayan cikin batirin. Gawayi zalla a rabin hanya yake tsayawa. In aka haɗa shi da oksaid ɗin manganis, sai manganis ya rushe feroksaid, oksijin da ya fito ya sāke komawa layi, a ƙarshe lissafi ya cika huɗu. Wannan ba zancen gobe ba ne. 'Yan ƙananan batiran na'urar taimakon ji, masu ɗan lebur da ake ɓarewa kafin a sa, haka suke aiki. Leburin yana toshe ƙofar iska ne. Da an ɓare shi oksijin ya shiga, ya tarar da gawayi da manganis a jiƙe da KOH. Manganis kuwa ba baƙo ba ne a yankinmu, ana haƙar shi a Nsuta ta ƙasar Gana tun 1916, da kuma Moanda ta Gabon.

Na biyu shi ne ya fi burge ni, domin a jikinmu aka ga samfurinsa. Abin da ke sa jini ja, watau himogulobin, yana da atom ɗin baƙin ƙarfe a zaune tsakiyar zobe, atom huɗu na naitirojin suna riƙe da shi. Wannan ƙarfen ne ke kama oksijin a huhu ya sake shi a tsoka. Can cikin ƙwayoyin jiki kuma akwai wani enzayim mai baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, wanda ke ba oksijin ilektiron huɗu cif ya mai da shi ruwa. Watau aikin katod ɗin nan da ya gagari injiniyoyi, jikin kowane ɗayanku yana yinsa yanzu haka a digiri 37, da baƙin ƙarfen da duka-duka bai wuce giram 3 zuwa 4 ba a jikin babban mutum, babu ko ƙwayar filatinam.

A 1964 Raymond Jasinski, a Amurka, ya gwada wani sinadari mai irin wannan zobe, da kobal a tsakiya, ɗan'uwan shuɗin launin da ake sawa a fenti da tawada. Ya tarar yana sa oksijin karɓar ilektiron a cikin alkali. Sai dai ba ya daɗewa. A shekarun 1970 masu bincike a Jamus suka ga cewa in aka gasa irin waɗannan sinadarai a kan gawayi, a inda babu iska, sun fi ƙarko. A 1989 ƙungiyar Ernest Yeager a Cleveland ta nuna cewa ba a ma bukatar zoben mai tsada. A haɗa gishirin baƙin ƙarfe ko na kobal da wani abu mai naitirojin da gawayi, a gasa, zoben zai gina kansa. Yau haka ake yi, a zafin digiri 700 zuwa 1,000, cikin tanda da aka kore wa oksijin. Masu yin gawayi a daji za su gane dabarar, gama su ma rufe itace suke yi da ƙasa domin kada ya zama toka. Abin da ke fitowa baƙin gari ne mai ƙananan ramuka ba iyaka, da atom ɗin ƙarfe ɗai-ɗai a warwatse, kowanne a hannun naitirojin. Ana rubuta shi Fe-N-C.

Wasu ma sun ce a cire ƙarfen gaba ɗaya. A 2009 ƙungiyar Liming Dai a jami'ar Dayton ta ba da rahoton siraran bututun kabon masu naitirojin da suka yi aiki sosai a cikin alkali. Amma aka yi ta gardama a kai, domin da baƙin ƙarfe ake shuka bututun, ɗan abin da ya maƙale kuwa, komai ƙanƙantarsa, yana iya zama shi ne dillalin na gaskiya. Darasi ne ga masu wanke kwalbar gwaji da ganda.

Kada in bar ku da zaton an gama. Batirin alkali yana da maƙiyi a cikin iskar da muke shaƙa. Kun tuna yadda ruwan laim ke yin fari in an hura masa numfashi? Haka kabon dayoksaid ke yi wa KOH, ya mai da shi kabonet, ya raunana ruwan, ya toshe ramukan katod. A iska bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, amma ya isa. Apollo bai damu ba domin oksijin zalla ya ɗauka a tanki. A ƙasa kuwa sai an tace iskar, tacewa kuma kuɗi ne. Saboda haka aka koma ga wata siririyar fata ta roba wadda OH⁻ ke ratsawa, a maimakon ruwa. Fatar ta hana toshewa, amma kabon dayoksaid yana rage mata ƙarfi duk da haka, ita kanta kuma alkali da zafi suna cinta a hankali. Katalis ɗin Fe-N-C shi ma yakan gaji, gama baƙin ƙarfe in ya sadu da feroksaid yana haifar da wasu ɓarɓashi masu cin gawayin da yake zaune a kai. Kobal kuma, ko da yake ba a lissafa shi cikin ƙarafa masu daraja, ni ban cika kiransa mai araha ba. Wajen kashi 70 cikin 100 daga Kwango yake fitowa, an kuma sha samun yara ƙanana a wasu ramukan haƙarsa. In za a zaɓa, na fi son a ƙarfafa bincike a kan baƙin ƙarfe da manganis.

Abu na ƙarshe kamar wasa yake. Da aka gudu zuwa alkali domin a lallashi oksijin, sai haidurojin, wanda a cikin asid ba ya ba kowa wahala, ya soma nawa. A kan filatinam saurinsa a alkali yana raguwa wajen sau ɗari. An toshe ɓaraka a gabas, ta ɓullo a yamma. Alƙaluma biyu za su nuna muku inda aka kai a 2021 da 2022. A 2021 ƙungiyar William Mustain a jami'ar South Carolina ta sami sama da wat 2 daga kowane murabba'in santimita da katod na Fe-N-C, abin da ya yi kafaɗa da filatinam, amma anod ɗinsu yana da ƙarafa masu tsada. A 2022 kuwa masu bincike na jami'o'in Cornell da Wuhan suka haɗa batirin da babu ƙarfe mai tsada a ko'ina, nikel a anod, oksaid ɗin manganis da kobal a katod. Abin da ya bayar wat 0.2 ne da 'yan kai, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan.

'Yan aji biyu da za su shiga aji uku, ga aikin hutu. Ku ɗauki bolt 28 na batirin Apollo ku raba da sel 31, ku gwada amsar da bolt 1.23, sa'an nan ku rubuta mini layi biyar a kan inda sauran ya tafi, da dalilin da ya sa asararsa ba ta kai ta batirin da ke aiki a digiri 80 ba. Zan karɓa a makon farko na dawowa, kafin a buga ƙararrawar cin abinci.